Kaskon Falmata da Ƙirjin Birgadiye

Ƴan matan unguwarmu, ku da kuke tare ni bakin famfo kuna cewa, "Dije, sa mu cikin aikin nan naki mana, ai zama ne bakin gado da fifita," wanga rubutu naku ne. Karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na bar lekwal, don haka in kun ga wani harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku. Ni dai abin da na gani zan faɗa.

Aikina jinyar baƙi. Kun san yadda gidan likita yake: ma'aikata su duba mutum, su yi mishi allura, su rataya mishi ruwa, su wuce ga na gaba. Dafa abinci, wanki, zuwa farmasi, sa ido kada ruwan ya ƙare, rugawa a kira majo, babban ma'aikacin jinya, in jiki ya canza, duk wannan na dangi ne. Makiyayi in ya kwanta, rugga guda ke tasowa ta shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bedi. To ɗan sandan da aka turo daga Gaya ko Tera, uwarshi na can, ƙannenshi na can, wa zai zauna mishi? Mu. Cikin ƴan sandan ma, waɗanda suka fi daɗewa a hannuna su ne masu ciwon ƙirji, waɗanda hayaƙi da warin ƙwaya suka ƙona wa huhu. Nasu ba irin zazzaɓi ba ne, a sha magani a tashi. Lallaɓa shi ake yi, shekara da shekaru. Bari in ba ku labarin mutum ɗaya, Birgadiye Hamani, wanda saura kaɗan a tuɓe mishi kaki saboda ƙirjinshi, sa'an nan ku gaya mini ko fifita ce.

Wadda ta koya mini aikin Inna Kuluwa ce, tsohuwar Bagobira mai zane har kunne, mai bakin da bai san galo ko muƙamin kowa ba. Da can shinkafa da wake take sayar wa ƴan sanda, in ɗayansu ya kwanta ta bi shi da kwano har gado, a haka ta zame ta koma jinya. Na zo wurinta ina goyon ɗiyata Nana. Baban Nana kabu-kabu yake yi, abin da ke shigowa bai kai mu ƙarshen wata. Ranar farko na ɗauka bokiti za ta ba ni. Sai ta ce in tsaya bayanta in buɗe kunne. Ta shiga ɗakin maza, ta tsaya kan wani mai kaki, ta ce ya gaishe ta yadda ake gaida uwa, tun daga kwana har gajiya, har gida, har yara, har zafin gari. Da muka fito ta ce, "Mi kika ji?"

Na ce na ji mutum mai ladabi.

"Sakarya. A ina ya tsaya ya ja numfashi?"

Na ce ban lura ba.

"Mai kaki bai cewa ba shi da lahiya. Ko likkafani ake ɗinka mishi, da Faransanci zai ce miki saba, saba, wai lahiya lau. Kada ki tambaye shi jiki, ki sa shi gaisuwa. In ya kai yara da numfashi guda, tahi wankinki. In ya tsaya tun ga kwana, aje duk abin da ke hannunki ki kira majo."

Har yau da wannan nake aiki. Ita ta koya mini sauran dokokin ma. Ƙofa a buɗe take zama muddin kina ciki. Wanka da kewayawa na abokan aikin majinyaci ne, ba naki ba. Kowa Shef ake kiranshi, wato shugaba, ko jiya ya sa kaki. Abin da kika ji mutum ya faɗa cikin zafin ciwo, a bakin ƙofar likita kike barinshi, ba a zuwa da shi famfo.

Na yi ƴan watanni tare da ita sai shekarar bido ta zo. Haka muke kiranta. An kama wata babbar mota cikin daji tana neman ta kauce wa gudron, titin kwalta, ta yi arewa, cike da katan-katan na taramol da wasu ƙwayoyi, da shuɗɗan bido, wato jarkoki, masu wani ruwa wanda ba wanda ya san ko na mine ne. Daga baya muka ji irin ruwan da ake haɗa ƙwaya da shi ne. Aka sauke kayan a wani ƙaramin wurin tsaro can cikin daji, a ɗaki mai rufin kwano, ana jiran izinin ƙonawa. Bazara ce. Bidon suka kumbura, wasu suka fara tsiyaya. Masu gadi kuwa bakin ƙofar ɗakin suke zama, don nan kaɗai ke da inuwa. Nan suke cin abinci, nan suke dafa shayi. Ranar ƙonawa aka tara kayan kan tsofaffin tayoyi, aka zuba man gazuwal, kowa ya naɗe hanci da rawani. Wuta na kamawa iska ta juyo kansu.

Mi suka yi? Abin da kowa a Dakoro zai yi: suka sha nono. Mu duka mun tashi muna jin nono na wanke guba. Ranar nan tun kafin azahar matan Fulani suka koma gida da ƙwarya wayam. Wani Buzu abokin Birgadiye har nonon raƙumi ya aiko mishi. Suka sha, suka yi gyatsa, suka ce an wanke. Majo Haruna, shugaban ma'aikatan ɗakin maza, da labari ya kai mishi sai ya dafe kai. "Nono ciki yake zuwa, hayaƙi huhu ya tafi. Ba unguwarsu ɗaya ba." Ba wanda ya saurare shi. Ni kaina ranar da na fara taɓa kayansu sai da na sha kofi guda, don ba a sani ba.

Ba nan take suka faɗi ba. Sai da hadari ya fara haɗuwa aka riƙa kawo su ɗaya bayan ɗaya: busasshen tari, ƙirji na kuka kamar an danne ɗan tsako, ciwon kai da bai jin magani, wasu hannuwansu sun yi ƙuraje suna saɓa. Birgadiye Hamani a bayan moto aka kawo shi, dogon Bazabarme mai gashin baki, ya rungume hularshi kamar za a ƙwace. Matarshi ta yi tafiya gabas wajen uwarta da ba lafiya, shi ya sa ya faɗo hannunmu. Inna na ganin Bazabarme ta gyara ɗaurin zane. Kun san wasan da ke tsakaninsu da Gobirawa.

"Bawana, kai ne ka zo ka kwanta mini? An aike ka ƙona ƙwaya, ka tsaya ka shaƙi rabonka?"

"Tsohuwa... bari in... samu numfashi... ki gani."

"In ka samu ka kawo mini. Da kai da numfashin duk nawa ne."

Ya so ya rama, ƙirji ya hana. Inna ta dube ni ta gefen ido, na ruga kiran majo.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowane da dalilinshi. Na farko gorar ruwa ta roba, irin wadda kuke yarwa. Majo ya nuna mana yadda ake yi. A huda gindinta daidai bakin pompi, ɗan maganin nan da ake fesawa a baki, a soka shi ciki ya zauna daram. Mutum ya kama bakin gorar, a fesa, ya yi ta ja a hankali. In babu gorar, rabin maganin kan harshe yake tsayawa. Pompin iri biyu ne: shuɗi na lokacin da ƙirji ya kama, da mai ruwan ƙasa na kullum, safe da yamma, ko ana jin daɗi ko ba a ji, a kuskure baki bayanshi. Kan na biyun nan muke yaƙi da su. Da mutum ya ji sauƙi sai ya jefa shi aljihu ya manta. Shi Birgadiye gorar ce ta tsaya mishi a rai.

"Ni da galona a kafaɗa in tsotsi gora kamar jinjiri, yarana na kallo?"

Inna ta ce ko ya tsotsa nan cikin ɗaki, ko ta bi shi da ita har wurin fareti. Ya tsotsa.

Sai baho biyu da doguwar sanda. Kakin da ya shiga ɗakin bidon nan ba a haɗa shi da kayan kowa, ba a sa mishi hannu haka nan. Da sanda nake juya shi, a fili, iska na bayana, ruwan kuma in haƙa rami nesa da inda awaki ke sha in zuba. Ba a sa jabel, ruwan nan mai faranta kaya, warinshi kaɗai ya isa ya tada tarin ɗaki guda. Ba a shara da busasshiyar tsintsiya, jiƙaƙƙen tsumma ake bi da shi. Ba a kunna maganin sauro na hayaƙi. In ƙirji ya kama, ba a kwantar da mutum, a zaunar da shi ake yi, ya dafa bayan kujera, ke kuma ki daina surutu.

Ni na ƙara nawa dokokin saboda Nana. Zanen aiki daban, na gida daban. Kafin in ba ta nono sai na wanke hannu har kafaɗa, in sake wankewa, in shinshina. In ta yi atishawa guda, ina ƙofar majo. Na yi ta tambayarshi ko abin nan na bi ta nonon uwa, har ya koma in ya hango ni sai ya shige ɗakin allura. Rannan na tare shi bakin ƙofa, ya ɗaga Nana ya juya ta, ya ce, "Uwar Nana, ɗiyar nan ta fi ni lafiya. Ke ce za mu ba gado."

Da Birgadiye ya fara miƙewa, majo ya faɗa mishi gaskiya a gabanmu. Huhun ya ƙonu, ba zai koma sabo ba, amma in ya kiyaye zai zauna da shi lafiya. Kuma bayan girbi manyan likitocin aikinsu za su duba duk wanda abin ya taɓa, a Maradi. Wanda ƙirjinshi ya lafa ya ci gaba da aiki. Wanda aka ji yana kuka, a sallame shi. Birgadiye na da ƴaƴa a lekwal, ga tsohuwarshi can yamma tana jiran ƙarshen wata, lokacin aje aikinshi kuwa da saura. Ya juya hula a hannu, ya juya, ya ce, "Saba."

Daminar nan ita ce mafi muni da na gani a aikin ga. Gwiwoyin Inna suka ƙi, ta koma ba da umurni daga kan tabarma a gidanta, aka bar ni da gadaje da goyo. Ruwa ya ɓata hanya, pompi ya ƙare a farmasin gari, baban Nana ya riƙa bin direbobin Maradi yana roƙo su taho mana da shi. Har ta kai muna raba guda tsakanin mutum biyu, kowa da gorarshi. Akwai wani cikinsu, mutumin Tawa, mai shiru-shiru, shi ya fi kowa daɗewa bakin ƙofar ɗakin bidon. Gaisuwarshi ba ta taɓa wuce kwana ba. Aka ɗauke shi zuwa Yamai, daga baya muka ji an sallame shi daga aiki, ya koma garinsu da kwali cike da magani. Tun daga ranar Birgadiye bai sake wasa da pompi mai ruwan ƙasa ba.

Ya samu sauƙi sosai, gaisuwarshi na kaiwa har zafin gari, majo ya bar shi ya koma gida. Matarshi ma ta dawo daga tafiya. Ba a yi mako ba sai ga shi bayan moto. Muka lallaɓa, ya tashi, ya koma gida, ya dawo. Haka muka yi ta yi har gero ya fara fitar da kai. Magani yana sha, sigari bai sha, ko wurin shayi ya koma zama nesa da gawayi. Amma duk dawowar da zai yi, ɗakin maza sai ya cika da ƙamshi kamar an kawo amarya. Majo tun dawowar farko ya gane. Ya ce mishi turaren wuta hayaƙi ne, huhunshi bai san bambancin na taya da na sandal ba, a daina. Birgadiye ya ce to. Ya dawo da ƙamshinshi. Majo ya sake faɗa. Ya ce to.

Wata safiya ina zuba mishi kunu na ce, "Shef, ka gaya wa Madam kuwa?"

Ya karɓi kofin ya aje. Sa'an nan ya ba ni labari, guntu-guntu, yadda numfashi ya bari. Matarshi Falmata Babarbariya ce. Haɗa turare gadon gidansu ne, shi take sayarwa, amaren Dakoro da yawa da nata aka kai su ɗaki. Ranar ƙonawa ya koma gida yana wari, ƴaƴanshi suka toshe hanci suka gudu. Ita ba ta gudu ba. Ta tuɓe mishi kaya, ta hura kasko, ta turara shi, ta turara kakin, ta turara ɗakin. Tun daga nan kullum ƙarawa take, don a ganinta warin nan shi ne ciwon, in ta kore shi miji ya warke. Haɗin da ta gada wajen kakarta, wanda ba ta sayar wa kowa, shi take ƙona mishi.

"Ƙanwata, mace ta ba ka... abin da ta fi so... ka ce mata shi ke kashe ka? Da wane baki?"

"To Shef, Maradi fa?"

"Allah na nan."

Majo ya ce shi namiji ne, bai shiga gidan wani ya gaya wa matarshi abin da za ta ƙona a ɗakin kwananta. Ya aika a kira ta, ta aiko mishi da kwalbar turare ta ce tana gaisuwa, tana tsakiyar haɗi. Inna ta ce a ɗora ta a amalanke a kai ta, majo ya ce ciwo muke son rabawa da mutumin, ba aure ba. Saura ni. Ga abin da ba ku sani ba game da aikin ga, ƴan mata: rabinshi ba a gidan likita ake yinshi ba.

Na je da hantsi, da sunan na kawo kakin da na wanke. Ban samu inda zan bar Nana ba, tana bayana. Tun daga zaure ƙamshi ya tare ni. Falmata doguwa ce, baƙa mai sheƙi, ta tarbe ni da fara'a. "Ke ce Dije? Shef ya ce hannunki na da albarka. Shigo ciki, waje rana." Ban taɓa ganin ɗaki mai tsafta kamar nata ba, ban kuma taɓa ganin mai hayaƙi kamarshi ba. Kwalabe jere reras, kasko biyu na ci, ta kifa kwando kan ɗaya ta shimfiɗa rigar barcin Birgadiye a kai, taga a rufe don kada ƙamshi ya tsere. Ta karɓi kakin da na sha wahalar wankewa, ta shinshina, ta yatsina fuska.

"Sabulu kawai? Haba ƙanwata, namiji ai ba a barinshi haka."

Ta ɗora shi kan kwandon.

Duk hanya na shirya magana mai daɗi, wadda za ta fara da yabo ta bi ta nesa. Ban kai ga buɗe baki ba Nana ta yi tari. Ta sake. Ta sake, har da ƙwalla. Ban san lokacin da na tsallake tabarma na faɗa tsakar gida ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Na sauke ta ina bubbuga bayanta, ina hura mata fuska, ina kiran sunan Allah. Ba abin da ya same ta, tana ganin kaji ta manta. Falmata ta biyo ni da moɗar ruwa tana dariya.

"Kai, uwar fari! Ɗan hayaƙi ne, yanzu zai wuce."

Maganar da na shirya ta ɓace, wadda ban shirya ba ta fito. "Yaya, wagga huhunta sabo ne, ko tabo babu, dubi yadda ta yi. Shi nashi a ƙone yake, kuma a ciki yake kwana."

Dariyar ta tsaya. "Mi kike nufi?"

Na faɗa mata duka: abin da majo ya ce, yadda yake dawo mana duk lokacin da ya kwana gida, dubawar da za a yi a Maradi, mutumin Tawa da kwalinshi. Ashe zancen Maradin ma ba ta sani ba. Ta aje moɗar ƙasa a hankali.

"Shi ya aiko ki?"

"Bai san na zo ba."

"Ya san turaren ne?"

"Tun dawowar farko."

"Ya sani, yake shiga ɗakin nan kullum, yana ce mini ƙamshi ya yi daɗi?"

"Ga dukan alamu ya gwammace a tuɓe mishi kaki da ya faɗa miki."

Ta dube ni har na rasa inda zan sa idona. Can ta ce, "Ɗauki ɗiyarki ki tafi. Na gode da wanki." Takalmin ɗaya a can na baro shi.

Na wuce gidan Inna na ce mata na ɓata komai.

"Ta zage ki?"

"A'a."

"Ta ba ki turare ki taho da shi?"

"A'a."

"To ta ji."

Da la'asar ina ɗakin maza sai ga Falmata, karon farko da ta shigo ba ƙamshi na gabanta. Ta tsaya daga ƙafar gado ta harɗe hannu. "Shef, ƙamshi ya yi daɗi, ko?" Mutumin da ɓarayin shanu ke jin sunanshi su canza hanya, ya ja zanen gado ya rufe fuska. Ta juya ta fita. Washegari sai ga amalanken jaki ƙofar gidan Inna: kasake, kwando, kwalabe naɗe cikin zannuwa, buhun itacen ƙamshi, har turmin daka. Ta ce Inna ta ba ta aron ɗakin baya. Ta miƙo mini takalmina. "Gobe ki zo da bahonki. Ke kika fara, ke za ki ƙarasa."

Ban taɓa wanki irin na gidan nan ba. Turaren shekaru ya shiga komai. Labule muka yi ta wankewa har ruwan ya daina fita kamar shayi. Katifa muka shanya kan katanga kwana da kwanaki, ta ƙi saki, daga ƙarshe maƙwabta suka samu rabo. Bango muka bi da tsumma, rufin kwano ma muka ɗaura tsumma a sanda, abin da ya fito baƙi ƙirin, da danƙo. Falmata ta tsaya tana kallon tsumman. "Irin wannan ke cikin ƙirjinshi?" Na ce ban sani ba, sai majo. Murhu muka mayar bayan gida inda iska ke ɗauke hayaƙi. Da Birgadiye ya dawo, a tsakar gida aka kafa mishi gado da gidan sauro. Ita kuma ta riƙa zuwa gidan Inna tana haɗinta can, masu saye na binta can, in ta gama ta yi wanka ta sake kaya kafin ta koma. Zancen pompi ma ta karɓe shi daga hannuna, ta fi mu tsanani. In ya manta na yamma, har wurin hirar maza take binshi da gora cikin jaka. Sau ɗaya ya sake zuwa likita, ranar da aka ƙona shara a unguwarsu, kuma da ƙafarshi ya zo.

Da aka gama ɗaure gero suka tafi Maradi, Falmata ta ce ƙafarta ƙafarshi. Ranar dawowarsu na kasa zama wuri ɗaya. Na wanke bahon da na riga na wanke, na tsefe wa Nana kitson da bai tsufa ba. Muna ƙofar gidan Inna sai ga su, kabu-kabu biyu sun ɗauko su daga tasha. Birgadiye bai sauka ba. Falmata ta sauko ta ja kujera ta zauna.

"Yaya, mi suka ce?"

"Ki bari in sha ruwa mana."

Ta sha a hankali, don ta ga na ƙosa. Ta goge baki.

"Sun ce huhun ba zai koma ba, pompi har ƙarshen rai. Hanya da daji ya gama da su. Biro za su sa shi, ofishin katin ɗan ƙasa. Amma kaki nashi ne."

Inna ta rangaɗa guɗa daga kan tabarma. "Bawana ya tsira! A kawo mini tukuicina, da goro fari!"

Falmata ba ta yi dariya ba. Ta matso kusa da ni ta rage murya, amma ba sosai ba. "Ke dai Dije kin cuce ni."

Na ce, "Da mi, Yaya?"

"Shekara da shekaru ina aure da mutumin nan, ban taɓa jin warinshi na gaskiya ba sai bana. Ashe warin bunsuru yake. Kuma da shi zan ƙare rayuwata."

Daga kan moto Birgadiye ya ɗaga murya har awakin maƙwabta suka watse. "Ina jinki, Falmata! Duk abin da kike faɗa ina jinki, kuma in mun je gida sai kin maimaita shi gaban yara, in ga ko za ki iya!"

Ko juyawa ba ta yi ba.

"Ji shi," ta ce. "Har ya samu numfashin ihu."